Awaki nawa gare ki, inna? Rigimar masana kan yadda ake binciken jama'a

Akwai wata tsohuwa da na taɓa yi wa tambayoyi a wani ƙauye can wajajen Kance, har yau in na tuna ta sai jikina ya yi sanyi. Lokacin ina aikin anketi, an ba mu tabilet da hula da riga mai alamar furoje, aka sauke mu daga kat-kat aka ce kowa ya cika gida goma sha biyu kafin la'asar. Na yi sallama, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa a moɗa, na fara karanto abin da ke cikin na'ura, mutum nawa ke kwana gidan nan, sau nawa kuka ɗora tukunya jiya, kuna da rediyo, kuna da amalanke, har na zo kan dabbobi. Sai ta dube ni ta ce, ɗana, kai ne na huɗu da ya zauna bisa tabarmar nan yana tambayata awaki nawa gare ni, na farko na ce mishi bakwai, yanzu biyu suka rage, to wai ina kuke kai lissafin awakin nan ne? Na ce inna, Yamai ake kaiwa. Ta ce to in sun gani me suke cewa?

Na rasa abin da zan ce mata. Na danna 2 na wuce tambaya ta gaba.

Tambayar tsohuwar nan ita ce ta raba kan masanan zamantakewa fiye da shekara hamsin yanzu, shi ya sa nake son in warware maganar yadda na fahimce ta, don mu nan Damagaram kusan ba gidan da ba a taɓa shiga da takardar tambayoyi ba amma ba kasafai ake gaya mana cewa su kansu masu binciken ba su daidaita a kan yadda ya kamata a yi shi ba.

Ɓangare na farko su ne masu tsohuwar hanya, kuma kar wani ya ji tsohuwa ya zaci gargajiyarmu nake nufi, a'a, hanyar da jami'o'in Turai suka shimfiɗa ce tun ƙarni na 19. Bafaranshen nan Émile Durkheim a 1895 ya ce al'amuran jama'a a ɗauke su kamar abubuwa, wato ka dube su daga waje kamar yadda mai awon ƙasa ke duban tudu da kwari. Max Weber na Jamus kuma ya dage cewa abin da masani yake so ko yake ƙi daban, abin da bincike ya nuna daban, kar a cakuɗa. Daga nan dokokin da aka koya mana suka fito, ba kai ke zaɓen gidan da za ka shiga ba ƙuri'a ke zaɓa, tambaya ɗaya ga kowa da lafazi ɗaya, kar ka nuna ka ji daɗin amsa ko ka ji haushi, kar ka yi alkawarin komai. Mai bincike alƙali ne, ba dangin kowa ba.

Kuma wallahi hanyar nan ba abin rainawa ba ce. Ƙidayar 2012 ita ta ce mu 17,138,707 ne a Nijar, ta kuma nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha jama'a da mutum kusan miliyan 3 da rabi, in ba da ita ba da me za ka tsaya gaban hukuma ka ce azuzuwanmu da likitocinmu ba su kai rabonmu ba? Anketin lafiya na shekarar nan ya ce mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 in aka daidaita, ko mutum ya so adadin ko ya ƙi shi dai an samo shi ta hanyar da wani zai iya bi ya duba. Ku tuna 2005, lokacin da manya suke cewa ba yunwa ake ba, ai awon damtsen yara da ɗora su bisa sikeli a Maraɗi da nan wajenmu shi ya sa maganar tamowa ta gagari ɓoyewa. Lissafi mai tsabta yakan zama sandan talaka a ranar da bakinsa bai isa ba.

Matsalar tana farawa ne tun daga wanda ya rubuta tambayar. Ga kalmar gida kawai. A horon da aka yi mana an ce gida shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin mutum ɗaya. To ka shiga gidan gandu, maigida da ƙannensa biyu suna noma tare da damina amma da rani kowa ya ware, mata uku kowacce da ranar girkinta da ƴar gayaunarta da ba ta shiga rumbun maigida, babban ɗa ya tafi cin rani Kano ko Libiya amma kuɗin da yake aikowa su ke riƙe da gidan, ga yara biyu an kai su almajiranci, ga jikar da aka kawo riƙo. Tabilet ba ta san wannan ba, lamba ɗaya take so, sai kai ɗan anketi ka yanke hukunci a tsaye cikin rana, abokin aikinka a gida na gaba ya yanke wani daban, a Yamai kuma a haɗa su a fitar da kashi kaza cikin ɗari har da ɗigo kamar an auna da ma'aunin zinariya.

Ga kuma tarihi da ke bin mai tambaya ko ya sani ko bai sani ba. Garin nan ya daɗe yana karɓar baƙi masu alƙalami. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Zinder a ƙarshen 1852 ya rubuta abin da ya gani. Ayarin Bafaranshen nan Tilho da ya shata iyakarmu da Najeriya tsakanin 1906 da 1909 ya tattara tarihin sarakuna daga bakin dattawa, kuma har yau masana suna amfana da shi, amma ai don mulki aka tattara. Zamanin Nasara in an ƙidaya ka to lanho ne ke tafe, ko aikin dole, ko soja, in an ƙidaya shanunka jangali ne. Kakanninmu suka koyi ɓoyewa. Yau abin ya juye, rubuta suna yana nufin wataƙila taimako na tafe, sai a koyi ƙarawa, mai awaki goma ya ce uku, mai ƴaƴa biyar ya ce tara, kuma ni ban ga laifinsu ba don mutum yana amsa wa abin da yake tsammanin za a yi da amsarsa ne. Ƙara da abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da aka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara kusan 200, labarin da ya ƙetaro iyaka ya zauna a zukatan iyaye, to ka ga wanda ya ce shi ba ruwansa da kowa gaskiya kawai ya zo ɗauka, mutanen da ke gabansa ba haka suke ganinsa ba.

A nan ɓangare na biyu suka shigo, masu cewa bincike ya zama hanyar ƴantar da waɗanda ake bincika. Tushensu ya fi ƙarfi a Kudancin Amurka. Paulo Freire na Burazil, wanda ya koyar da ƴan ƙwadagon karkara karatu a Angicos a 1963 kafin sojoji su kore shi bayan juyin mulkin 1964, ya ce ilimin da ake zuba wa mutum kamar ana ajiyar kuɗi a banki ba ya ɗaga kowa, sai mutane sun zauna sun sa wa damuwarsu suna da bakinsu. Orlando Fals Borda na Kolambiya ya bar ofishin jami'a ya shiga cikin manoma masu rigimar ƙasa suna bincike tare, har aka yi babban taro a kan wannan hanya a Kartahena a 1977. A Amurka Howard Becker ya yi tambaya a 1967 cewa mu ɓangaren wa muke, don a ganinsa ba mai binciken da ba ya tsaye a wani wuri, wanda ya ce ba ya goyon kowa sau da yawa maganar na sama yake maimaitawa tunda ita aka saba ɗauka a matsayin gaskiya.

Amma wanda ya fi buɗe mini ido shi ne Mike Oliver na Ingila, malamin jami'a da shi kansa a keken guragu yake. Ya ɗauki tambayoyin da gwamnatinsu ta yi wa naƙasassu a shekarun 1980 ya juya su, inda aka ce gaya mini me ke damun jikinka, shi ya ce gaya mini me ke damun al'umma. Kawo shi nan gida ka gani. Ka tambayi gurgu a unguwar Zango, rashin ƙafa yana hana ka zuwa karɓar takardar haihuwar ɗanka? Zai ce e, kai kuma ka rubuta matsala rashin ƙafa. Ka tambaye shi, me ke ƙofar ofishin da ke hana ka shiga? Zai ce matakala biyar ne kuma ba wurin turo keke. Mutum ɗaya, rana ɗaya, amma tambaya ta farko ta kai ka ga sadaka, ta biyu ta kai ka ga buhun siminti biyu da magini. A 1992 Oliver ya rubuta cewa binciken da ake yi a kan naƙasassu bai canza rayuwarsu ba, masu binciken ne ke samun ƙarin girma, don haka sai an sauya wanda ke riƙe da ragamar aikin gaba ɗaya. Linda Tuhiwai Smith, ƴar ƙabilar Mawori ta Niyu Zilan, ta ce a 1999 kalmar bincike tana cikin mafi ƙazantar kalmomi a kunnen mutanen da aka yi wa mulkin mallaka. Duk wanda ya taɓa zama da samarin unguwar Kara-Kara ta Zinder ya ji yadda suke maganar masu zuwa da kamara da rakoda tun bayan tarzomar Janairun 2015, a ɗauki tabon jikinsu a tafi, zai gane abin da take nufi ba sai an fassara mishi ba.

Mu ma a ƙasar nan muna da namu misalin tun kafin waɗannan sunaye su yi tashe. Bafaranshen nan mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin farautar dorina tare da sarkawan Ayoru a farkon shekarun 1950, ya koma ya haska musu, sai suka ce kiɗan nan da ka sa fa? Ai dorina tana ji a cikin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya, farauta shiru ake yin ta. Ya cire kiɗan. Abin da ya sa nake son labarin nan shi ne gyaran da suka yi mishi ba don a faranta musu rai ba ne, aikin ne ya ƙara zama gaskiya.

To in haka ne me ya sa ba a watsar da tsohuwar hanya kowa ya kama sabuwa ba? Saboda na ga sabuwar da idona yadda take komawa in ta shiga hannun furoje. Robert Chambers na Ingila ya yaɗa dabarun bincike tare da jama'a da mu nan muka sani da MARP, manufarsa mai kyau, ya ce baƙo ya miƙa wa mutanen gari sanda su zana taswirar garinsu a ƙasa, su jera damuwarsu da tsakuwa ko ƙwayar wake, shi ya zauna ya saurara. Na halarci irin wannan zama a wani gari kudu da Mirya. An taru gindin bedi, maigari bisa kujera, dattawa bisa tabarmi a gaba, mata can baya a rana da goyo, samari a tsaye. Aka miƙa sanda, wa ya karɓa? Ƙanen maigari. Ya zana masallaci da makaranta da rijiya da gidan maigari, unguwar maƙera da rugar Fulanin da ke gefen tafki ba su fito ba sam kuma ba wanda ya ce uffan. Da aka zo jera damuwa wake ya taru a kan injin niƙa, daga baya da muka koma shan ruwa wata mata ta ce mini a hankali, malam ai mun ji garin da ke gaba da suka ce injin niƙa an kawo musu, abin da ke cin ranmu gonakin da ake jinginarwa ne amma wa zai faɗi haka gaban wanda ya karɓi jinginar? Da yamma muka rubuta a rapor cewa al'umma da kanta ta zaɓa.

Wannan shi ne abin da Bill Cooke da Uma Kothari suka tara masana suka yi littafi a kai a 2001, suna tambaya ko sa hannun jama'a bai zama wani sabon danniya ba. Taron gari ba ya goge bambancin mai sarauta da talaka, ko na namiji da mace, ko na ɗan gari da baƙo, wani lokaci ma rufe shi yake da sunan kowa ya yarda. Kuma abin mamaki, takardar tambayoyin nan da ake zagi, wadda ake shiga ɗaki a yi wa mace ita kaɗai ba mijinta ba maigari, takan ba ta damar faɗin abin da ba za ta taɓa faɗi a dandali ba.

Sai kuma babbar maganar, ta gaskiya da son rai. In ka shiga bincike ka riga ka ɗauki ɓangare, me za ka yi ranar da abin da ka gano bai yi wa ɓangarenka daɗi ba? Ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991 ta yi aikin da ba wanda ya yi ƙarfin halin yi, ta fito da maganar bauta a Nijar fili, gwagwarmayarta tana cikin abin da ya kawo dokar 2003 da ta mayar da bauta laifi, kuma shari'ar Hadijatou Mani a kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a 2008 ta tabbatar abin ba ƙage ba ne. Amma daga binciken da aka yi a farkon shekarun 2000 adadi biyu na yawan bayi suka yi ta yawo, ɗaya sama da 800,000 ɗaya kuma 43,000, tazarar da ke tsakaninsu ta ba masu musun abin gaba ɗaya abin riƙewa. Ni a ganina darasin da ke ciki mai nauyi ne, wanda ke fafutuka don raunana shi ya fi kowa bukatar lissafin da ba ya rawa, don shi ake jira ya yi tuntuɓe.

Jean-Pierre Olivier de Sardan, cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL a Yamai a 2001, ya raba abu biyu da nake ganin ya kamata kowane ɗalibin sosiyoloji a Jami'ar André Salifou ya riƙe. Akwai ɗaukar talaka da muhimmanci a matsayin hanyar aiki, ka zauna da shi wata da watanni, ka ji harshensa, ka ɗauki saninsa sani. Akwai kuma ƙawata talaka a matsayin aƙida, ka ce duk abin da ya fito daga ƙauye daidai ne, gari tsintsiya ne maɗaurinsa ɗaya. Na farko bincike ne, na biyu yaudarar kai ce. Su masanan LASDEL ba sa kiran aikinsu na ƴantarwa, amma abin da suka rubuta kan yadda ake wulaƙanta marasa lafiya a asibitocin Afirka ta Yamma da yadda cin hanci ke tafiya a ofisoshi ya taɓa masu iko ƙwarai, saboda an yi shi da tsanaki yadda ba a iya ture shi.

Abin da ya fi nuna mini cewa hanyoyin nan biyu kowacce makauniya ce a ido ɗaya shi ne gawo. Shekara da shekaru rahotanni suna cewa hamada na cin Nijar, ana ƙidaya itatuwan da furoje ya dasa da waɗanda suka mutu. A lokacin nan manoman Mirya da Magarya da Matamai suna barin tsiron gawo a gonakinsu, suna sassabe suna kewaye shi, don sun san yana zubar da ganye da damina ba ya tare wa hatsi rana, ƙasan gindinsa ta fi albarka, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani. Ba wanda ya gani, don ba a sa tambayar a takarda ba, an tambayi nawa aka dasa ba a tambayi nawa aka bari ba. Amma kuma sai da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka zo bayan 2000 suka gwama hotunan sama na 1975 da na lokacin, suka taka gonaki suka ƙirga, sannan duniya ta yarda cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace a ƙasar nan. Manomi ya san gonarsa amma bai san girman abin da shi da dubban irinsa suka yi ba, mai hoton sama ya ga girman amma sai da ya sauko ya tambaya ya san dalili.

Don haka ni inda na tsaya, wurin tattara bayani ina tare da masu tsanani, a zaɓi gidaje da adalci, kar a sa wa mutum magana a baki, in sakamako ya saɓa wa abin da kake so ka rubuta shi haka nan. Amma wurin zaɓen abin da za a bincika da wurin da sakamako zai koma, masu maganar ƴanci sun fi gaskiya nesa ba kusa ba. In da mutanen unguwar Garin Malam ko Birni ake tambaya me za a bincika, da an fi yin bincike a kan ruwa da kuɗin da gida ke kashewa wajen ƴan ga-ruwa cikin watannin zafi fiye da yadda ake yi. Bayan rasuwar mutum 92 a hamada arewa da Arlit a Oktoban 2013, galibi mata da yara kuma da yawansu ƴan yankin Kance, an yi ta zuwa ana tambayar me ya sa mata ke tafiya Aljeriya, amma in zaɓin da ke cikin tabilet talauci ne da yunwa da wani dalili, ina za ka sa matar da ta ce gonar mijinta ba ta kai ta ciyar da su wata uku ba kuma ga ƴa ta isa aure ba kayan ɗaki, maƙwabciyarta da ta je ta dawo ta yi wa tata? Kuma yawancin aikin nan da kuɗin waje ake yinsa, mai ba da kuɗi shi ke kawo tambaya, rapor da Faransanci, taron gabatar da shi a otal a Yamai, waɗanda suka ba da amsa ko labari ba sa ji, alhali ga rediyoyin karkara ga Hausa ga ajami.

Sau ɗaya tak a aikina aka ware kuɗin mai don mu koma mu karanta wa mutane abin da muka samu, jika kaɗan ne ma. Muka tara su bayan azahar, mata daban maza daban, na karanta da Hausa, gidaje kaza, yara kaza a lakwal, rijiyoyi uku masu aiki. Wani dattijo mai carbi a hannu ya ce, yaro tsaya, rijiya ta uku wacce? Na ce ta bayan makabarta, baba. Ya ce wannan ai shekara biyu ke nan da ta rufta, wanda ya gaya muku tana aiki shi ne wanda aka damƙa wa kuɗin gyaranta. Muka tashi gaba ɗaya muka je, ga ta nan an rufe bakinta da ƙaya don kar yara su faɗa. Shugaban ayarinmu ya kira Yamai a salula tun muna tsaye a wurin, aka ce mishi rapor ya riga ya tafi, sai dai a sa gyaran a ƙarshen shafi.